Jigo da Alamtarwa a Gajerun Labaran Magana Jari Ce

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa duba takardun ɗaliban Hausa, tun daga na sakandare har zuwa na shekarar farko a jami'a, ya san irin amsar da ake samu in an yi tambaya a kan jigon wani labari daga cikin Magana Jari Ce. Ɗalibi yakan taƙaita labarin cikin layi biyar ko shida, sa'an nan ya rufe da cewa labarin yana koya mana haƙuri, ko yana koya mana illar kwaɗayi. In kuma an tambaye shi alamtarwa, sai ya jero cewa zaki sarki ne, kura kwaɗayi ce, dila wayo ne. A wata shekara na duba takardu masu yawan gaske a kan labari guda, ban sami ko ɗaya da ta ambaci wanda ya ba da labarin a cikin littafin ba, balle wanda aka ba, balle dalilin bayarwar. Laifin ba na ɗaliban ba ne, domin abin da muka shuka shi muka girba.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa gajerun labaran Alhaji Abubakar Imam ba su tsaya kowane da ƙafarsa ba. Akwai babban labari da ya goya su, kuma in an sauke su daga bayansa, rabin ma'anarsu ya zube. Za a duba wannan uwar labari da matsayin aku a cikinta, sa'an nan a ɗauki labarai huɗu da aka saba karantawa a makarantu a gwada su da wannan ma'auni. Kalmomin jigo da warwarar jigo da alamtarwa an yi amfani da su a nan kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya daidaita su a fagen feɗe waƙa, tun da yake manazarta zube ma sun daɗe da aro su.

2.0 Littafin da Asalinsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Makarantar Midil ta Katsina. Sunansa ya fito ne a gasar ƙaga labarai ta 1933 wadda Hukumar Fassara ta shirya a ƙarƙashin Dokta Rupert East, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A 1936 aka ɗauko shi aro zuwa Zariya domin ya rubuta littafin karatu na makarantu, East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, daga nan Magana Jari Ce ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa. Ya rasu a 1981.

Batun cewa yawancin labaran an samo tushensu daga waje ba sabon abu ba ne. Ibrahim Malumfashi ya bi sawun da yawa daga cikinsu a littafinsa Adabin Abubakar Imam, ya nuna inda suka fito: Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka fara bugawa a 1812, da sauransu. Wannan bincike ya amfane mu ƙwarai. Sai dai wasu sun tsaya a nan, suna ta muhawarar ko Imam mawallafi ne ko mai fassara. Ga mai nazarin jigo, sanin tushe farkon aiki ne kawai. Amfaninsa shi ne ya nuna mana abin da marubuci ya bari da abin da ya sauya, domin a wurin sauyin ne hannunsa yake bayyana.

3.0 Uwar Labari da Matsayin Aku

A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ya daɗe yana haƙon sarauta, yana so Musa ya fita daga fada domin a hallaka shi. Shi kuma Musa jininsa na tafasa, yana son ya bi rundunar. Kowane dare yakan zo ya yi sallama da aku, aku kuwa sai ya ja shi da labari har gari ya waye, tafiya ta fasu. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa. A littafi na biyu aku ya shiga gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar.

Wannan tsari na aku mai tsare mutum da labari ya fito ne daga Indiya, daga littafin Shukasaptati, watau labarai saba'in na aku, wanda Ziya'uddin Nakhshabi ya sake tsarawa da Farisanci a ƙarni na 14 da sunan Tutinama. A can, wadda aku yake tsarewa matar wani falke ce da mijinta ya yi tafiya, tana son ta fita wajen kwartonta. Imam ya ɗauke matar ya sa ɗan sarki, ya ɗauke kwarto ya sa fagen fama, ya ƙara da waziri maci amana. Da wannan sauyi labarin ya tashi daga tsare mutuncin gida ya koma tsare gadon sarauta. Abin da ke kan faifai yanzu shi ne makomar ƙasa, kuma abin da ya cece ta bakin wani ɗan tsuntsu ne da aka saya da kuɗi.

A nan ya kamata malami ya tsaya da ɗalibansa. Me ya sa aku? Bahaushe ya san aku da abu guda, watau maimaita abin da ya ji ba tare da ya san ma'anarsa ba, har in yaro ya haddace karatu bai gane ba mukan kamanta shi da aku. Ba shi da ƙarfin zaki, ba shi da faratan shaho, ba ya noma, ba ya kiwo. Ba shi da asali a garin, tun da baƙo ne aka kawo. Wannan halitta ce Imam ya ɗora a kujerar waziri, kujerar da a tarihin ƙasar Hausa ta zama ta masu ilmi da alƙalami, irin su Giɗaɗo ɗan Laima wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Waziri Junaidu a zamanin baya-bayan nan. Waziri na farko a littafin yana da riga da rawani da dawaki da mutane, amma maganarsa ta makirci ce. Na biyu ba shi da komai sai maganar, ita ce kuwa ta ba shi duk abin da na farko ya rasa. Sunan littafin kansa fassarar wannan musaya ce.

Akwai wata fuska kuma. Aku yana magana da muryar da ya aro, amma akun Imam ya san inda zai ajiye kowace kalma da lokacin da zai ajiye ta. Haka marubucin ya yi da labaran Bagadaza da na Jamus. Ya kuma rubuta littafin a lokacin da wani sabon rukuni na mutane ke tasowa a Arewa, watau malaman makaranta da akawuna da suka fito daga Kwalejin Katsina, waɗanda ke tsaye tsakanin sarakuna da Turawa, da yawansu ba su gaji sarauta ba, abin hannunsu shi ne harshe da alƙalami. Ba za a ce Imam ya zauna ya ƙudura cewa aku shi ne ɗan boko ba. Abin da za a iya cewa shi ne yaron da ya karanta littafin a aji a 1940 ya ga hanyar ɗaukaka wadda ba ta bi ta takobi ko gado ba, kuma rayuwar marubucin kanta, daga allon aji zuwa kujerar edita har zuwa majalisa, ta bi wannan hanya.

4.0 Warwarar Jigo a Labarai Huɗu

In magana jari ce, to, ɗan kasuwa ya san halin jari. Yana kawo riba, yana kuma karyewa. Akwai wanda ba shi da shi sam, akwai mai cin kasuwa da kuɗin jabu, akwai mai karɓar kaya ya ƙi biya. Labarai huɗun da ke tafe kowanne ya ɗauki fuska guda daga cikin waɗannan.

4.1 Jaki da Sa

Jaki ya ga sa yana shan wahalar huɗa, ya ba shi shawara ya yi ciwon ƙarya. Sa ya bi shawara, ubangidansu kuwa ya gane abin da ake ciki, sai aka ɗaura wa jaki garma. A aji mukan ce darasin shi ne mutum ya bar shiga sharo ba shanu. Haka ne, amma a duba inda labarin ya fito. A Alfu Laila wa Laila, waziri ne ya ba 'yarsa Shaharzad wannan labari domin ya hana ta kai kanta ga sarkin da ke kashe matansa. Watau tun asali labari ne na hana tafiya, kuma aikin da ya yi ke nan a bakin aku. Bayan haka, mai ba da labarin shi kansa mai ba da shawara ne. Aku yana sane da cewa shawara tana iya komowa kan mai ita, domin in Musa ya gane ana yi masa dabara, ko Waziri ya gane wanda ke ɓata masa shiri, wuyan aku ne a kan wuƙa. Jaki a nan ba alamar wauta ba ne kamar yadda jerin alamomin ɗalibai ke cewa. Mai wayo ne da ya zuba jarinsa bai duba wanda ke saurare ba, ya faɗi.

4.2 Shaho da Ubangidansa

A labarin da Imam ya ba kan da ke gargaɗi game da saurin fushi, mai shaho ya fita farauta, ƙishirwa ta kama shi, ya sami ruwa yana ɗiga, ya tara a moɗa. Duk sa'ad da ya kai baki sai shaho ya kaɗe moɗar. Ya fusata ya kashe tsuntsun, daga baya ya gano cewa dafin maciji ya gurɓata ruwan. Ɗalibi zai ce jigon shi ne illar fushi, kuma kan labarin ya goyi bayansa. Amma wannan duban daga wajen ubangida ne kawai. A juya a duba daga wajen shaho. Yana da gaskiya, yana da amana, ya ga abin da ubangidansa bai gani ba. Abu guda ya rasa, shi ne bakin da zai faɗa. Saboda haka gargaɗinsa ya fito da kamannin rashin kunya, ya mutu a kan alherinsa.

Yanzu a tuna cewa tsuntsu ne yake ba da labarin wani tsuntsu, yana ba ɗan sarkin da yake hana wa abin da ransa ke so. Musa shi ne mai ƙishirwa, fita yaƙi ita ce ruwan, makircin Waziri shi ne dafin. Aikin shaho da na aku ɗaya ne, watau kaɗe moɗa. Bambancinsu shi ne shaho ya kaɗe da fiffike, aku yana kaɗewa da labari, har mai ƙishirwa ya manta da ƙishirwarsa. Wanda ya karanta labarin a ware ba zai ga wannan ba ko kaɗan, alhali kuwa a nan ne alamtarwar littafin ta fi ƙarfi.

4.3 Kalala da Kalalatu

Wannan labari yakan ba malamai wahala, domin in an matsa shi ba ya fitar da darasin kirki. Kalalatu ta cinye kajin da aka soya domin baƙo. Da ta ga asiri zai tonu, sai ta gaya wa baƙo cewa wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ce, ya zura da gudu. Ta juya ta gaya wa mijinta cewa baƙo ya sure kajin. Kalala ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya, baƙo kuwa ya ɗauka wata gaɓa tasa ake nufi, ya ƙara mai. A tushen labarin cikin tarin Grimm, kuyanga ce mai dafa abinci ta yi wa ubangidanta haka, kuma kunnuwan baƙon ne ta ce za a yanke. Imam ya mai da su miji da mata, ya ba su sunaye masu amsa juna, ya shigo da abin cikin gidan Bahaushe inda karrama baƙo babban al'amari ne.

Na sha ganin an rubuta cewa labarin yana koya mana illar kwaɗayi. Wace illa? Mai kwaɗayin ta ci kaji, ta sha romo, ba abin da ya same ta a wannan dambarwa. Waɗanda suka wahala su ne mutum biyu da suka gaskata magana ba su bincika ba. Labarin yana nuna ƙarfin magana ne tsirara, ba tare da an yi mata kwalliyar ɗabi'a ba: jimla biyu na ƙarya sun sa maza biyu tsere a titi, kalma guda kuma ta ɗauki ma'ana biyu a kunnuwa biyu. Kalalatu 'yar'uwar Waziri ce a sana'a, tana cin kasuwa da kuɗin jabu. Kuma dole mai nazari ya yarda cewa shi kansa aku dabara yake yi wa Musa. Abin da ya raba shi da su shi ne niyya da amana, kayan aikin kuwa iri ɗaya ne. Littafin bai ɓoye wannan ba, mu ne muke ɓoye wa ɗalibai.

4.4 Sarkin Busa

Tushen wannan shi ne labarin mai sarewa na garin Hamelin a Jamus, wanda ya raba gari da ɓeraye bisa alkawarin lada, aka hana shi, ya busa sarewarsa 'ya'yan garin suka bi shi. A nan magana ta zama bashi. Mutanen gari sun sayi aiki da alkawari, da buƙata ta biya suka ga kamar iska suka bayar. Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kuma abin da aka karɓa a madadin ladan, watau yara, shi ne jarin gari na gaskiya. Mai busa kuma ɗan'uwan aku ne ta wata fuska: baƙo ne, ba shi da makami sai abin da ke fita daga bakinsa, da shi yake jan mai saurare zuwa inda ya so. Sarki Abdurrahman ya biya nasa mai baki da wazirci, ƙasarsa ta zauna lafiya. Mutanen wancan gari sun hana nasu, suka wayi gari ba magada. In an jera labaran biyu, sai a ga gargaɗi ga masu mulki game da yadda ake riƙon masu fasaha.

5.0 Iyakar Wannan Fassara

Za a iya cewa, ai Imam da kansa ya sa karin magana a kan labarai da yawa, kuma domin yara 'yan makaranta aka rubuta littafin, saboda haka neman darasi ba kuskure ba ne. Wannan gaskiya ne. Karin maganar da ke kan labari ƙofa ce da marubuci ya buɗe wa yaro, kuma ya dace da ɗan aji ɗaya. Kuskuren shi ne a bar ɗalibi a bakin ƙofar har ya kai ga digiri. Haka kuma ba kowane labari cikin littattafan uku ne zai shiga wannan ma'auni ba. Akwai waɗanda ban dariya ce kawai ta kawo su, kamar na Sahoro da Sahorama, kuma wanda ya nace sai ya tono alama a cikin kowace akuya da kowace ƙwarya zai ƙare da ɗora wa marubuci abin da bai ɗauka ba.

Domin kauce wa wannan, ina ganin kafin a kira wani abu alama a cikin labari sai ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, ya kasance labarin ya dogara a kansa, yadda in an cire shi labarin zai rushe. Na biyu, ma'anar da aka ba shi ta fito daga abin da ya aikata a cikin wannan labari, ko da ta saɓa wa abin da aka saba ji a tatsuniya. Na uku, a sami wani wuri a littafin da ke ƙarfafa wannan ma'ana. Shaho ya cika duka ukun. Jerin nan na zaki sarki, kura kwaɗayi, bai cika ko na biyu ba, domin an rubuta shi tun kafin a buɗe littafin.

6.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa babban jigon Magana Jari Ce yana cikin uwar labarin, kuma ƙananan labaran suna warware shi ta fuskoki dabam-dabam: jaki ya yi asarar jarinsa, shaho ba shi da jarin, Kalalatu ta ci riba da na jabu, mutanen garin Sarkin Busa sun ci bashi sun ƙi biya. An kuma nuna cewa sanin tushen labari yana da amfani matuƙar zai kai mu ga gane abin da Imam ya sauya.

Abin da wannan ke nema daga malami kaɗan ne. Kada a ba ɗalibai labari a yanke ba tare da shafin da ya gabace shi da wanda ya biyo shi ba, inda aku da mai sauraronsa suke magana. Kafin a tambayi abin da labari ke koyarwa, a fara tambayar wa ya faɗe shi, wa aka faɗa wa, me mai faɗin yake so ya samu, me kuma zai rasa in labarin bai ci ba. Masu tsara tambayoyin jarrabawa su ma suna da nasu rabo, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Littafin da ya ɗauki tsuntsun da aka sani da hadda ya mai da shi mai tunani bai cancanci a riƙa koyar da shi ta hanyar hadda ba. Sauran labaran littafi na biyu da na uku, musamman yadda gasar aku da Haziƙ ta shafi zaɓen labaran da kowannensu ya kawo, suna nan suna jiran ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai.